Gwangwanin Hayaƙin Da Na Ajiye Wa Sojoji

Ni dai ban taɓa kiran sunan ɗana na fari ba. Shekarunsa arba'in da ɗaya yanzu, yana da furfura uku a gemu, uwarsa ce ta gani ta kawo mini rahoto, amma sunan nan bai taɓa fita daga bakina ba. Ɗan fari ne, kuma sunan mahaifina aka sa masa, kun ga kunyar ta zama hawa biyu. A gida "wancan" nake ce masa. Idan yana zaune a falo ina son ruwa, sai in dubi bango in ce a gaya wa wancan ana jin ƙishirwa a gidan nan. Haka na ga mahaifina yana yi da yayana a nan Makka, shi ma haka ya baro ana yi a Kano kafin su taso da ƙafa. Larabawan da muke maƙwabtaka da su a unguwar Shisha suna ɗaukar abin wani ƙaramin taɓin hankali. Su da suke sumbatar 'ya'yansu a bakin titi, kuma suke kiran mutum uban wane. Ni ma haka suke kirana da sunan nasa, ina amsawa, don amsawa ba faɗa ba ce.

Wannan kunyar da nake taƙama da ita ce ta kusa kashe mini aboki a teku, shi ya sa na zauna rubuta wannan. Bokona na aji huɗu ne, wanda na samo lokacin da aka aika ni Kano wajen kawuna ina ɗan shekara takwas, saboda haka wanda ya ga harafi ya karkace ya miƙar da shi da kansa.

Tsakanina da wancan akwai gidan waya, wato Hajiya, matata. Ni in faɗa mata, ita ta kai masa, ya ba ta amsa ta dawo da ita. Abin da ban lura da shi ba sai a makare shi ne gidan wayar nan yana rage kaya a hanya. Magana mai tsawon kamu goma in ta shiga hannun Hajiya, musamman in tana da tukunya a wuta, da kyar kamu ɗaya yake isowa.

Da ya gama makaranta ya shiga soja, aka kai shi sashen da ke ceton mutane a teku da jirgi mai saukar ungulu. Shi ne wanda ake ɗaure wa igiyar ƙarfe a zura shi ƙasa ya ɗauko wanda ruwa ke shirin ci. Ban taɓa ce masa sannu da aiki ba. Amma duk ranar da zai zo gida da kaki, ina bayan labulen taga tun kafin ya ajiye mota, in kalli yadda ya fito, in kalli gugar wandon, sannan in koma kujera in buɗe jarida kamar tun safe nake karatu. A majalisarmu ta ƙofar kantin kayan famfo, in wani ya ce ya ga ɗanka soja, sai in ce oho, yaran yanzu. A ɗakin Hajiya akwai hoton jirginsu, toka-toka, da shi a tsaye a ƙofa. Na ɓatar da tabarauna a ɗakin nan ya fi sau ɗari.

Wata rana bayan Azahar, ina cin shinkafa, Hajiya ta ce wancan ya ce a gaya mini aikin ceto na yankin gabarsu an miƙa shi ga wani kamfani, kuma shi ma zai ajiye kaki ya bi aikin.

Cokalin ya tsaya mini a hanya. Na ce ta maimaita. Ta maimaita. Na ce kamfani kamar yaya, kamfani irin wanda na sani? Ta ce ita dai kamfani ya ce.

To ni na san kamfani. Hajji ashirin da shida na yi ina tuƙa bas ɗin alhazai daga Arfa zuwa Muzdalifa, a ƙarƙashin kamfanoni kala-kala, sauran watannin shekara ina tasi. Na taɓa nuna wa wani manaja taya da ta suɗe kamar tafin hannu, ya shafa ta da ƙauna ya ce za ta kai Hajjin baɗi in an yi mata addu'a. Irin waɗannan mutanen za a ba ran wanda ke nutsewa? Soja in aka ce masa tashi, tashi zai yi, ko ana ruwan duwatsu. Ɗan kwangila kuwa sai ya duba takarda ya ga ko tashin yana cikin yarjejeniya. Na kasa ƙarasa abincin. Kwana uku ina jin abin kamar an ce mini an ba da hayar liman.

Na tsara tambayoyi masu nauyi na ba Hajiya. Wa zai ba su umarni? In sun ƙi tashi wa zai hukunta su? In suka iske mutum a ruwa, iƙamarsa, wato takardar izinin zama, za su fara tambaya ko hannunsa za su fara kamawa? Na ji su a kicin, shi yana ta bayani, rabi Hausa rabi Larabci kamar yadda yaran da aka haifa a nan suke yi, ya fi rabin awa. Da ta fito na gyara zama. Ta ce, ya ce ba komai, aikin ɗaya ne.

Sau ɗaya ya gwada tsallake gidan waya. Ranar Juma'a ce, ya zo da jallabiya fara kamar kowane farar hula, ya durƙusa ya gaishe ni, sannan ya matso da wayarsa a hannu ya ce yana so Baba ya ga sabon jirgin nasu. Hannunsa na miƙe, hasken wayar na dukan gefen fuskata. Na dubi bango na ce a gaya wa wancan idona yana ciwo. Ya ɗan jima a haka, sannan ya mayar da ita aljihu.

Sauran ilimin na ƙarasa shi a majalisa. Wani mai gyaran na'urar sanyaya ɗaki, wanda bai taɓa rasa amsar komai ba, ya ce kamfanonin nan attajirai suke ɗauka zuwa sababbin otal-otal na tsibirai, jiragensu ja da fari ne kamar alewa. Sai na haɗa lissafina ni kaɗai: ba gwamnatin da ke da hankali da za ta saki ceton rai, saboda haka sojoji na nan da jirginsu mai toka-toka, wancan kuwa ya koma ɗaukar jakunkunan masu yawon buɗe ido, kunya ce ta hana shi faɗa. Na ji tausayinsa, na kuma ji haushinsa. Shekara biyu ina riƙe da wannan fatawa, ba wanda ya warware mini ita, don ban faɗa wa kowa ba.

Mai kantin famfon da muke zama a ƙofarsa abokina ne, Bazazzagi. Shekara talatin yana Makka da iƙama, yana kwance famfunan mutane yana ɗaurawa. Ni Bakano, shi Bazazzagi, kun san abin da ke tsakani. Tun ranar da muka haɗu ba mu taɓa gaisawa da mutunci ba. In na iso ya ce ga sarkin son banza ya zo shan shayin kyauta, ni kuma in tambaye shi ko an kai wutar lantarki ƙauyensu. Yana da ciwon suga, yana kuma da taurin kai, ni ban san wanda ya fi tsanani ba.

Wani Balarabe da yake yi wa aiki yana da ƙaramin kwale-kwale mai inji a gabar Shu'aiba, yakan ba shi aro. Mun sha fita fatsa, mu kamo abin da ya samu mu dawo. Ranar da abin ya faru Asabar ce, cikin zafi. Mun bar Makka bayan Asuba. A bakin ruwa aka rubuta mu, muka ce za mu dawo da Azahar. Ma'aikacin da ya rubuta mu ya duba rigunan ruwa, ya ɗaga wani jan gwangwani mai zobe a ka, ya ce in mun shiga matsala muka ga jirgi, mu ja zoben mu jefa, hayaƙi zai tashi. Ya ce guda ɗaya ne, kada a yi wasa da shi. Wannan kalma ta "guda ɗaya" ta zauna mini a kai daram.

Da hantsi inji ya yi tari sau biyu ya mutu. Na ce wa Bazazzagi ya matsa, direba na wurin. A saninmu na bas, inji in ya mutu cikin zafi ruwa yake so. Gorar ruwa biyu muka zo da su da butar shayi, na juye masa ɗaya sukutum. Bai ko gode ba. Bazazzagi ya ce dama ya san Bakano ba ya kyauta sai inda ba ta da amfani. Muka jefa ƙarfen da ke riƙe jirgi, igiyar ba ta kai ƙasa ba. Wayoyinmu ba layi. Iska ta riƙa tura mu a hankali har gaɓar ta zama zare, daga nan zaren ma ya ɓace.

Kafin Azahar ruwan ya ƙare, shayin ma haka. Maganin sugan Bazazzagi kuwa yana cikin mota, a aljihun gaba, inda ya ajiye shi don kada ya jiƙe. Ya fara amai. Akwai wani farin tamfol da ake rufe inji da shi, na shimfiɗa shi daga baki zuwa baki ya yi mana rumfa, na kwantar da shi a ƙarƙashi. Na tuɓe jallabiyata na jiƙa a teku na lulluɓe shi, na rage daga ni sai singileti da wandon ciki. Na ce masa ya kwantar da hankali, an rubuta mu, in Azahar ta wuce ba mu koma ba sojoji za su fito. Na faɗa da ƙarfin zuciyar wanda ya san manya.

Bayan La'asar na ji ƙarar. Na fito daga rumfa na kare ido da hannu. Can nesa, sama sosai, ga jirgi yana tafe yana ɗan karkata. Da rana ta haske shi sai na ga ja da fari.

Bazazzagi daga kwance ya ce, "Ja zoben."

Na ce, "Ba su ba ne. Masu yawon buɗe ido ne."

"Ko aljanu ne, ja zoben, Bakano."

"Guda ɗaya ne. In na ƙona wa 'yan hutu, sojoji suka zo, da me zan kira su? Da tusa?"

Ya ce wani abu game da kakannina wanda ba zan rubuta ba.

Yanzu ku tsaya ku ji hujjata, don ina da ita, kuma a lokacin ta yi mini kyau ƙwarai. Na ɗaya, gwangwanin guda ɗaya ne. Na biyu, attajirin da ya biya kuɗin kallon teku ba zai sauko don tsofaffi biyu ba. Na uku, kuma wannan ita ce ta gaskiyar, na tuna yadda nake: tsoho mai tumbi, cikin singileti mai huda a hammata. Na ga kaina a wayoyin mutane, ana turawa daga Jidda har Kano, jikokina na gani. Sai na sunkuya na shige ƙarƙashin tamfol na ja bakinsa na rufe mu ruf. Farin kwale-kwale, farin tamfol, a tsakiyar teku mai ƙyalli da farin kumfa. Ko shaho ne sai ya yi da gaske.

Ƙarar ta matso, ta yi kamar za ta tsaya, ta wuce. Na fito ina jin na yi dabara.

Abin da ya biyo baya ba na son tuna shi, amma shi ne labarin. Na zauna da gwangwani a cinya ina jiran toka-toka. Don in san Bazazzagi yana nan da rai, sai na riƙa tsokanarsa. In ce Zage-zagi ba su iya tuwo ba, ya ce Kanawa a kasuwa ake haifarsu. In ce wani abu, ya rama. Da farko ramuwar na zuwa nan take. Daga baya sai na jira. Daga baya ta koma kalma ɗaya. Can na ce masa Zariya ai unguwa ce a cikin Kano, mu muka ba su aron ganuwa. Wannan magana ko a gadon asibiti na faɗa masa ita sai ya tashi zaune. Shiru.

Na ɗaga jallabiyar. Idonsa a buɗe rabi, leɓensa ya bushe ya tsage, numfashinsa na fita da sauri da wani wari kamar 'ya'yan itacen da suka fara lalacewa. Na girgiza shi, na kira shi da sunansa na gaskiya, abin da ban yi ba cikin shekara talatin. Na shafa masa ruwan teku a fuska, na karanta duk abin da na haddace, wasu ayoyin na haɗa kan wannan da wutsiyar waccan. Ina ta duban sama ina cewa ina sojojin nan, ina sojojin nan. Rana ta fara yin ja. Wajen awa ɗaya da rabi ke nan da wucewar jirgin.

Da ƙarar ta dawo ban tsaya duba launi ba. Na ce ko mawaƙa ne da 'yan rawa, yau sai sun sauko. Na fizge zoben. An ce a jefa, ni na manta na riƙe shi a sama kamar mai riƙe da tuta, iska ta juyo da jan hayaƙin ta turnuƙe ni. Sati biyu gemuna na kamar an sa masa lalle.

Jirgin ya juyo kai tsaye. Ja da farin nan ne dai. Ya tsaya a kanmu, iskarsa ta ɗauke tamfol ta yi gaba da shi, ruwa na dukan fuskata kamar tsakuwa. Ƙofa ta buɗe, sai ga mutum yana saukowa a igiya, cikin kaya ruwan lemo da hular kwano mai baƙin gilashi. Na tsaya baki buɗe. Ina ce wa kaina, yanzu 'yan hutu har da wannan suke yi?

Ya dira cikin kwale-kwalen, ya kwance igiya, bai ko dube ni ba ya yi kan Bazazzagi. Ya taɓa wuyansa, ya buɗe idonsa, ya soki yatsansa da wani ɗan abu ya duba, ya yi wa na sama alama da hannu. Ni kuwa na kama kafaɗarsa ina ihu da Larabci, ina cewa ya ɗan'uwa, ku yi wa Allah ku kira mana sojoji, mutumin nan mutuwa zai yi. Ya juyo ya tura gilashin hular sama.

"Baba, zauna."

Na zauna. Ban san lokacin da na zauna ba. Na waiga ina neman bangon da zan kalla, babu bango a teku.

Aka zuro wani gado mai kama da makara, ya ɗaure Bazazzagi a ciki da hannuwa masu sauri, ba ɓata motsi ko ɗaya, suka tashi tare suna juyawa a iska. Ina kallo daga ƙasa, abin da ke yawo a kaina kawai shi ne, ashe aikin ɗaya ne. Hajiya ta faɗa mini. Kamu ɗayan da ta kawo gaskiya ne, ni ne na ƙi karɓa.

Ya sake saukowa domina. Ya zura mini wata ɗamara ta ƙarƙashin hammata kamar majanyi, ya ja ta tamau, ya matso har ƙirjinsa ya haɗu da nawa, ya sa ƙafafunsa ya kewaye ni. Rabon da jikina ya taɓa nasa tun yana cikin zanen goyo, shi ma a ɓoye, in Hajiya ta shiga wanka. Na kawar da kai gefe. Ya sa bakinsa a kunnena saboda ƙara.

"Kada ka ɗaga hannu, za ka zame. Kada ka kalli ƙasa. Ni za ka kalla."

Na ce ina iya kallon can.

"Ni za ka kalla, Baba."

Ƙafata ta bar katako. Na kalle shi, don ba yadda zan yi. Yana da tabo a girar hagu wanda ban san da shi ba, ban san yaushe ya same shi ba, ban san wa ya kai shi asibiti ba. Hancin mahaifina ne sak a fuskarsa. Furfurar kuwa da Hajiya ta ce uku ce, ƙarya ne, ta fi talatin, na gani da idona a tazarar ɗan yatsa. Tafiyar ba ta fi minti ɗaya ba, amma ban taɓa kallon ɗana tsawon haka ba tunda aka haife shi.

A ƙofar jirgi wani ya cafko ni ta baya ya ja ni ciki da gindi. Da ya cire abin fuskarsa na gane shi, tsohon abokin aikinsa ne na soja, ya ci shinkafa a gidana ranar auren wancan. Ya ce sannu ya ammi, wato baffa da Larabci, ya lulluɓe ni da bargo, ya yi kamar bai ga singiletin ba. Allah ya yi masa albarka. Wancan kuwa tuni ya durƙusa kan Bazazzagi yana sa masa ƙarin ruwa, har muka sauka a asibiti a Jidda bai ɗago ba.

Bazazzagi ya rayu. Amma ƙodarsa ta taɓu, sai da aka yi makonni ana yi masa wanki, kuma likita ya ce aikin rana ya ƙare masa. Ya ƙara da cewa da an kawo shi da wuri kaɗan da ba a kai ga haka ba. Ina tsaye a wurin aka faɗa. Ranar da ya farfaɗo sosai na je, na tsaya a bakin gado. Ya dube ni ya dubi gemuna ya ce wa ya aurar da Bakano ba a gayyace shi ba. Na fita baranda na yi kuka kamar an mare ni. Maganar tamfol bai ɗaga ta ba, har yau, shi da ya ji komai da kunnensa.

Na zaci an gama. Bayan kwana goma Hajiya ta zo ta zauna a bakin gado, ba tukunya a wuta, saboda haka saƙon ya iso da tsawonsa. Ta ce wancan ba ya cin abinci. Matarsa ta ce ba ya barci. Ya ce sun bi ta kan wurin nan tun farko, kuma shi ne a bakin ƙofa yana duba ɓangaren da muke, bai gan mu ba. Ya ce shekara goma sha tara yana aikin nan, ranar da mahaifinsa ne a ruwa ranar idonsa ya ci amanarsa, kuma ƙodar bawan Allah nan a wuyansa take. Har ya rubuta a rahotonsu cewa kuskuren nasa ne, yana tunanin neman a sauke shi daga igiya a ba shi tebur.

Na ji kamar an zuba mini ruwan ƙanƙara. Ashe bai san na ɓuya ba. Ta ina zai sani? Daga sama farin abu ya gani cikin farin abu.

Na yi gyaran murya na faɗa wa Hajiya komai, da gwangwani da singileti da tamfol. Ta daɗe tana kallona kamar yau aka kawo ni gidan. Na ce to, sai ta je ta gaya wa wancan.

Ta ce, "Shekara arba'in ina ɗaukar muku kaya. Wannan ba zan ɗauka ba, Alhaji. Wanda ya shiga tamfol shi zai kai."

Na ce al'ada fa? Ta tashi ta shiga kicin.

Washegari da hantsi na tari tasi zuwa gidansa. Ban taɓa zuwa ba sai da dalilin suna ko rashin lafiya, har matarsa ta firgita ta tambaya ko Hajiya lafiya. Ta kawo shayi ta janye yara ta rufe ƙofa. Ya zauna a ƙasa, ni a kujera. Ya rame. Na sami bango mai kyau, mai agogo, na kafa masa ido na fara, "A gaya wa wancan..." Sai na tsaya. Ba kowa a ɗakin da zai gaya masa. Na sauko daga kujerar da kyar, gwiwoyina na ƙara, na zauna a ƙasa muna fuskantar juna.

Na ce, "Idonka lafiya lau. Na gan ku tun zuwan farko. Ni na ja tamfol na rufe mu."

Ya ce, "Don me?"

"Sojoji nake jira. Na ɗauka ku masu yawon buɗe ido ne, ga ni kuma daga ni sai singileti."

"Baba, ai na kawo maka hoton."

"Idona na ciwo ranar."

Ya sunkuyar da kai, kafaɗunsa suka fara rawa. Na ɗauka kuka yake, na shiga uku, don ban san yadda ake rarrashin ɗan fari ba. Da ya ɗago sai na ga dariya ce da hawaye a haɗe, kuma dariyar mahaifina ce, mai fita ta hanci. Ya tambaya ko da gaske saboda singileti ne. Na ce singiletin hujja ta uku ce, akwai biyu a gabanta masu ƙarfi. Ya ce dole a gyara rahoto, kuma dole ya rubuta gaskiya. Na ce ya rubuta, amma ya ce wani dattijo, kada ya ce Bakano, don kada labari ya kai Zariya.

Sannan ya ciro wayar. Na sa tabarau. Ya nuna mini jirgin ciki da waje, ni kuma na zazzage masa tambayoyina na shekara biyu, baki da baki. Ya ce kiran har yanzu daga hukuma yake zuwa, su tashi kawai suke yi, kuma yawancinsu tsofaffin sojojin ne suka canza riga. Ya ce ba a tambayar takardar kowa a ruwa. Na ce to in kwangilar ta ƙare fa, aka ba wanda ya fi araha, irin mai shafa taya? Ya ce wannan shi ma yana tunaninta, bai da amsa. Na ji daɗin da bai yi mini ƙarya ba. Har yanzu raina bai kwanta da a ce ceton rai yana da ranar ƙarewa a takarda ba, kuma na gaya masa haka. Na tambaye shi tabon gira. Ya ce ƙofar jirgi ce, shekara tara da suka wuce, ɗinki shida. Ya ce ya aiko a gaya mini.

Matarsa ta kawo abinci, ya ci faranti biyu ina kallo. Ya koma igiyarsa a satin. Ya ce yanzu in ana koya wa sababbi aiki, akan ce musu su duba har da wanda ba ya so a gan shi.

Shi ya mayar da ni Shisha a motarsa. Sunan dai ban kira ba, kuma ba na jin zan kira, kada a zaci teku ta wanke ni gaba ɗaya. Amma da muka zo kwanar gidanmu, inda aka haƙa rami ana gyaran bututu, na ce masa, kai, bi ta hagu, dama a toshe take. Ya bi ta hagu. Da muka tsaya na ɗaga kai, sai na ga labulen taga ya motsa, daidai inda nake tsayawa. Muna shiga muka tarar da Hajiya a kujera ta buɗe jaridata, ita da ba ta karatun Larabci.